Yadda na miƙar da tsohon hoton da ya kumbura cikin firam

Ina da tsohon hoton gaɓar kogin Tems da aka buga a Landan wajen 1840, irin wanda ake sassaƙa zane a farantin ƙarfe a danna kan takarda. Da damina ta kankama sai takardar ta yi tudu da kwari, har tana mannewa da gilashi.

Na ɗora wa firam ɗin littattafai, a banza. Har dutsen guga na ɗauko, Allah ya taimake ni na fasa yin gugar.

Ashe matsalar daga baya take: an liƙe duka gefuna huɗu na hoton a jikin kwalin baya da salatif, takardar ta sha laima ta rasa wurin miƙewa. Na yanke salatif ɗin da reza ta gefen kwali. Na sa hoton tsakanin takardun tsotse ruwa biyu, na ɗora gilashi mai kauri da nauyin kilo 3 kacal, don kada shatin da farantin ya bari a takardar ya baje. Kullum ina canja takardun, har kwana 10. Sannan na kafa shi a kwali marar asid, na liƙe sama kaɗai a wuri biyu, na bar rata tsakaninsa da gilashi.

Alhamdulillah, ya kwanta sumul.