Kurakuran da muke yi wa masu keke da babur idan mun fara tuƙi a Ingila

Duk wanda ya koyi mota a Kano ko Kaduna ko Zariya sannan ya zo Ingila ya kama sitiyari, akwai wata ɗabi'a da ya taho da ita a jikinsa wadda shi kansa bai san da ita ba. A gida dokar titi da ba a rubuta ba ita ce babba ke da hanya, tirela ta danno mai ƙaramar mota ya kauce, mai mota ya danno ɗan acaɓa ya kauce, shi kuwa mai keke ko a lissafi babu shi, bakin kwata ne wurinsa. To a nan abin a juye yake, kuma a rubuce yake ba wai al'ada ce kawai ba. Tun ranar 29 ga Janairu 2022 da aka yi wa kundin dokokin hanya gyara, wanda suke kira Highway Code, aka fito da shi ƙarara cewa wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ne nauyin kula ya fi hawa kansa. Mai babbar mota ya kula da mai ƙarama, mai ƙarama ya kula da mai babur da mai keke, mai keke ya kula da mai tafiya a ƙasa. Kusan duk kuskuren da nake ganin 'yan uwa suna yi daga rashin gane wannan yake tasowa.

Wanda ya fi yawa shi ne wuce mai keke a matse. Ni kaina na yi shi shekarata ta farko, da safe ana yayyafi ina sauri, wata mata a gabana kan keke da kujerar yaro a bayanta, na ga akwai ɗan fili tsakaninta da motocin da ke tahowa sai kawai na kutsa kamar yadda zan yi a Titin Zoo, ban taɓa ta ba ko kaɗan, amma ta madubi na ga keken ya yi tangal-tangal ta sauke ƙafa ɗaya ƙasa ta juya tana duba yaron. Wallahi har na isa wurin aiki hannuna rawa yake. Ka'ida ita ce ka bar aƙalla mita 1.5 tsakaninka da mai keke idan gudunka bai wuce mil 30 a awa ba, wato wajen kilomita 48, in kuwa ka fi haka gudu to sai ka ƙara masa fili. Mita ɗaya da rabi ba wasa ba ne, kusan ƙafa biyar ne, a yawancin titunan unguwa sai ka tsallaka hannun da motoci ke tahowa kafin ka samu wannan filin. Ma'ana ka wuce shi kamar yadda za ka wuce mota. In babu hali, ka zauna a bayansa ka jira, kada kuma ka manne masa a baya kana ƙara wuta. Dalilin filin nan shi ne mai keke ba ya tafiya a miƙe kamar jirgin ƙasa, rami zai kauce wa, murfin kwata zai kauce wa, iska ta kaɗa shi, ga kuma iskar motarka da take jan sa.

Kada kuma ka ce ai babu wanda ya gan ni. Masu keke da yawa suna da kamara a hular kwano ko a jikin keken, kuma 'yan sanda suna karɓar bidiyon ta intanet, sai dai kawai takarda ta same ka a gida. 'Yan sandan yankin West Midlands, inda Birmingham take, tun 2016 suka fara sa jami'insu ya hau keke cikin kayan gida, duk wanda ya wuce shi a matse sai a tare shi a gaba, daga baya wasu yankunan suka kwaikwaya. Wuce mai keke a matse yana iya zama laifin tuƙin rashin kula, mafi sauƙinsa tarar fam 100 da maki 3 na hukunci a lasin, in ya kai kotu yana iya kaiwa maki 9. Ga sabon direba nan ne matsalar take, saboda in ka tara maki 6 cikin shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi, lasin ɗin ya tafi, sai ka koma farko. Mu kuma lasin Najeriya wata 12 kawai ake yarda ka yi tuƙi da shi bayan ka zama mazaunin ƙasar, daga nan dole ka yi jarrabawarsu, kenan duk yawan shekarun da ka yi kana tuƙi a gida, a nan sabo ne kai.

Sai kuma fushin da muke yi idan muka ga mai keke a tsakiyar hanya, ko biyu sun jera kafaɗa da kafaɗa. Na sha jin mutanenmu suna cewa rainin hankali ne, ko don ya ga baƙar fata ne. A'a, dokar ce ta ba shi shawarar ya shiga tsakiyar layi a ƙananan tituna, ko lokacin cunkoso, ko in ya kusa mahaɗa, don a gan shi sosai kuma kada wani ya yi sha'awar kutsawa inda babu fili. Jerawa biyu ma an yarda da ita. Haka nan ba dole ba ne ya bi layin keke ko da akwai shi. To danna masa hon ba ya gyara komai sai firgita shi, hon a nan na gargaɗi ne kawai, ba na "matsa mini" ba, an ma hana danna shi a cikin gari daga ƙarfe 11:30 na dare zuwa 7 na safe.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro, wanda yake kashe mutane, shi ne kwanar hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, yawancinmu a haka muka tashi, idonmu ya saba neman babur ta madubin dama. A Ingila hagu ake bi, mai keke yana gefen hagunka tsakaninka da dakalin masu tafiya a ƙasa, daidai wurin da idonka bai saba zuwa ba. Sai ka wuce shi, bayan daƙiƙa uku ka sa sigina ka karya kwana hagu, shi kuma miƙewa zai yi, sai ya daki ƙofarka ko ya shige ƙarƙashi. Doka ta ce mai keken da zai miƙe shi ke da hanya, ba a yanke masa gaba. In ka san kwanarka ta kusa, kada ma ka wuce shi, rage gudu ka bar shi ya tsallake mahaɗar sannan ka shiga. Kafin ka juya sitiyari ka duba madubin hagu, sannan ka waiga da kanka ta kafaɗa, don akwai wurin da madubi ba ya nunawa. Masu tuƙa motar kaya da masu aikin kai saƙo, wannan ya fi shafarku saboda bayan motarku a rufe yake. A shataletale ma haka, mai keke yana da damar ya zauna a layin hagu ya zagaye har inda zai fita, kada ka ɗauka tunda yana hagu fita zai yi a hanya ta gaba.

A danja kuma za ka ga layi biyu, tsakaninsu an zana hoton keke a ƙasa. Wannan akwatin nasu ne, in ja ta kama ka tsaya a layin farko. Layin keke mai farin zane wanda bai yanke ba shi ma a lokutan aikinsa ba a shiga, ba a fakin a kai, ko da minti ɗaya ne za ka shiga shago ka fito.

Buɗe ƙofa, shi ma mutane ba sa ɗaukar sa laifi alhali laifi ne da tararsa ke kaiwa fam 1,000, kuma ya kan zama ajalin mutum, don ƙofar tana wurga mai keke ne tsakiyar titi gaban bas. Maganinsa dabarar mutanen Holan ce wadda yanzu aka sa a kundin: ka buɗe da hannun da ya fi nisa da ƙofar. Kai direba kana zaune a dama, to da hannun hagu za ka buɗe, hakan zai sa jikinka ya juya dole ka ga abin da ke tahowa a baya. Ka koya wa uwargida da yara, in kuma tasi kake ja ka riƙa cewa fasinja ya duba kafin ya sauka.

Mu zo kan babur. Mun taso muna kallon mai babur a matsayin ɗan acaɓa mai kutse wanda in ka ba shi fuska zai goge maka fenti, shi ya sa da mun hango shi yana ratsowa tsakanin motoci a gosulo sai hannu ya karkata sitiyari a toshe masa. A nan ratsawar nan halal ce a doka matuƙar yana yi a hankali, toshe masan ne laifi. Kafin ka canja layi a cunkoso, ko ka yi kwanar komawa baya don ka gaji da jira, ka duba madubi sau biyu. Babura kusan kashi 1 cikin 100 ne na zirga-zirgar titunan Birtaniya amma masu hawansu kusan kashi 20 ne na waɗanda ke mutuwa a hanya, kuma da yawa a mahaɗa abin ke faruwa, mota ta fito daga ƙaramin titi direba ya ce wallahi ban gan shi ba. Sau da yawa gaskiya yake faɗa, ya duba amma mota idonsa ke nema, babur siriri ne, fitila ɗaya, kuma yana da wuya ka kimanta gudunsa, kana ganin yana nesa ashe ya iso. Gyaran shi ne ka tsaya cak, ka duba dama, hagu, ka sake duba dama kana cewa a ranka babur nake nema. In wani direba ya haska maka fitila wai ka fito, kada ka fito da gudu don ya yi maka kara, babur na iya ratsowa ta gefensa shi ma bai gani ba. Ka tuna kuma da yawan masu keke da ƙananan baburan da ke kai abincin Deliveroo da Uber Eats cikin dare da ruwan sama baƙi ne irinmu, wasu ɗalibai ne da kuke sahu ɗaya a masallacin Juma'a.

Waya kuwa kada ma ka fara, riƙe ta a hannu kana tuƙi tarar fam 200 ne da maki 6, ko da a danja kake tsaye.

In kuma ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, ka buge wani, to kada tsoron gida ya kore ka. Na san dalilin da ya sa direba ke gudu a wurinmu, tsoron taron jama'a ne, amma a nan guduwar laifi ce mai zaman kanta da za ta iya kai ka kurkuku ko da asalin hatsarin ba laifinka ba ne. Ka tsaya, ka kunna fitilun gargaɗi, ka kira 999 in akwai rauni. Kada ka ɗaga shi, kada ka cire masa hular kwano in dai yana numfashi, don ba ka san halin da wuyansa ke ciki ba, ka dai zauna kusa da shi kana yi masa magana har motar asibiti ta zo. Ka ba da sunanka da adireshi da lambar mota, in hakan bai samu ba ka kai rahoto wurin 'yan sanda cikin awa 24, sannan ka sanar da kamfanin inshorarka. Kada ka zaro kuɗi ka ce a sasanta a nan ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, ciwon faɗuwa daga keke wani lokaci sai washegari yake fitowa.