Ku duba wasannin wasa ƙwaƙwalwa da yara ke yi a wayarku

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu ba yara waya su yi wasan haɗa hoto ko cike kalmomi da daddare, ku ɗan saurara.

Wasu daga cikin wasannin nan suna farawa da 'yan kwanaki kyauta, amma sai an sa katin banki. Kwanakin na cika, biyan wata-wata ya fara. Ni sai da alat ya shigo min ina tsakiyar cefane a kasuwar Gusau na ankara, alhali autana ya daɗe da goge wasan. To, goge manhaja ba ya tsayar da biya.

Ku buɗe Play Store, ku taɓa hotonku da ke sama ta dama, ku shiga sashen biyan kuɗi, ku nemo wasan ku soke. Kwanakin da kuka riga kuka biya ba su salwanta ba, yaro zai ci gaba da yi har su ƙare. Ku kuma kunna neman kalmar sirri kafin kowace sayayya.

Mu yanzu bayan isha'i dara muke yi a tsakar gida, ramuka a ƙasa da 'yan tsakuwa. Jiya ma yaron nan ya cinye ni sau 2.