Yadda ake shirya wa yara wasan tuƙa motar duniyar Mars

Abin da yaro ya fi buƙatar ya gane game da motocin binciken da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ke aikawa duniyar Mars shi ne ba a tuƙa su kai tsaye. Saƙon rediyo yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa can, gwargwadon nisan da ke tsakaninmu a lokacin. Don haka injiniyoyin JPL, cibiyar NASA da ke Kalifoniya, sukan duba hotuna, su tsara umarnin yini guda, su tura, su zauna jira. Shirin da ba a sa wannan jiran a ciki ba, wasan mota ne kawai.

A nemi fili mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, a shimfiɗa tamfol, a zuba yashi mai kaurin santimita 3 a daddaɓe shi. A kusurwa ɗaya a tara busasshen rairayi mai laushi, zurfin santimita 10, a baje samansa ya yi kama da sauran filin. Wannan ne tarkon. A warwatsa tsakuwa da duwatsu kamar goma, a shafa wa uku fenti su zama abin da za a je dubawa. Sai motar wasa mai rimot wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, a ɗaure mata waya da roba, kyamarar tana ɗan kallon ƙasa.

Kafin yara su iso, a gwada motar a kan yashin, ba a kan siminti ba. A danna gaba na daƙiƙa ɗaya sau biyar, a auna kowanne da tef, a fitar da matsakaici. Haka ma juyawa. Da wannan lissafin matuƙa za su yi aiki.

A raba yara gida biyu. Matuƙa huɗu ko biyar su zauna bayan labule, ba sa ganin filin. A ɗaya gidan, mutum ɗaya ya riƙe rimot, ba ya magana, ba ya gyara kuskuren kowa. Wani kuma ɗan aike ne: ya kai wa matuƙa hoto ɗaya daga wayar, su rubuta umarni da bai wuce uku ba, misali “gaba daƙiƙa 2, juya dama, ɗauki hoto”, ya tsaya daƙiƙa 60 da agogo kafin ya miƙa takardar. Zagaye shida ya ishi kowane rukunin matuƙa.

Yawanci a zagaye na uku ake fara rigima, don motar ba ta kai inda lissafi ya ce ba. Dalili biyu ne. Tayoyi na sulɓewa a yashi, suna juyawa amma motar ba ta ci tazarar ba. Shi ya sa motocin gaske ke kwatanta hotunan ƙasa kafin motsi da bayansa don su san iyakar tafiyar da suka yi. Na biyun kuwa batir ne, yana yin sanyi gudu na raguwa, don haka a canza shi bayan kowane rukuni biyu.

In motar ta faɗa tarkon, kada malami ya ɗaga ta, ko da yara sun yi ta magiya. A bar su su gwada ja da baya. Nan ne wurin ba su labarin Spirit, motar binciken NASA wadda ta kafe a rairayin Mars a 2009, ba ta sake fita ba har aka daina jin ɗuriyarta a 2010. In kuma wani ya yi ƙorafin jinkiri, a gaya masa motar bincike Perseverance, wadda ta sauka a ramin Jezero da ke Mars ranar 18 ga Fabrairu 2021, gudunta bai wuce kusan mita 150 a awa ɗaya ba.

Rairayi na shiga giyar motar ya cinye haƙoranta. A rufe ƙasanta da leda da salatef, a kakkaɓe ta da burushi bayan kowane zama. Labulen ma ya kai har ƙasa, domin yara sun iya leƙe.