Yadda ake zaɓen ƙaramar mota ta hannu don zirga-zirgar cikin gari

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ƙananan motocin da a da ake yi wa kallon raini suka yi daraja. Mai babbar mota ya lulluɓe ta a gida, yana neman wadda za ta kai yara makaranta ta wuce da shi wurin aiki ba tare da ya bar rabin albashinsa a gidan mai ba. Waɗanda aka fi cin karo da su a wurin dillalai su ne Toyota Yaris, Honda Jazz, Nissan Micra, Peugeot 206, Kia Picanto da Hyundai i10. Dukkansu ba su da shan mai, don haka ba a nan ake tafka asara ba. Masu sayen farko a giyabos suke faɗuwa, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa.

Mataki na farko, kada ka fara da wurin dillalai. Fara da kasuwar kayan gyara. In a Kano kake, shiga Ƙofar Ruwa, in Kaduna ne, leƙa Panteka. Ka tambayi kuɗin giyabos, fitilar gaba da shok na kowace motar da ke ranka. Wadda aka miƙo maka kayanta nan take, ka bar ta a lissafi. Wadda aka ce maka sai an aiko daga Ladipo ta Legas, soke ta, komai kyanta. Sannan ka ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka ka ɓoye, ko dillali kada ya san da shi. Taya, batir, baƙin mai da la'ada za su cinye shi tun a watan farko.

Mataki na biyu shi ne giya. Ka ji an ce "otomatik ce", kada ka tsaya nan, domin otomatik iri-iri ce, kuma a ƙananan motocin da aka kawo daga Turai ba kowacce ce ta gaskiya ba. Zauna a kujerar direba ka dubi haruffan da ke gefen sandar giya. In ka ga R, N, E da M, babu P, to wannan giyar hannu ce aka ɗora mata ƙananan injinan lantarki da kwamfuta suna taka mata kulochi. Toyota na kiranta MMT, kuma tana cikin Yaris da yawa na Turai. Honda ma ta saka irinta a wasu Jazz daga 2008 da sunan i-Shift. Ranar da ta ga dama sai ta koma N a tsakiyar titi ta ƙi shiga giya, adaidaita sahu na yi maka hon ta ko'ina. Ko kulochi aka canja mata sai an saita ta da kwamfuta, kuma masu wannan aikin da gaske ba su da yawa. Na ga waɗanda suka sayi irin wannan da murna don ta fi 'yan uwanta sauƙi, kafin shekara ta zagayo tana gareji an dasa mata duwatsu a ƙarƙashin taya. Araha ba ta ado. Dokata a nan guda ce: babu P, babu ciniki.

Ko da akwai P, ba ka gama ba. Jazz ta farko, wadda aka ƙera daga 2001 zuwa 2008, otomatik ɗinta CVT ce, wato irin da ba ta da hawa-hawan giya ɗaya, biyu, uku. Ka tsaya cak, ka saki birki, ka taɓa totur a hankali. In motar ta yi karkarwa kafin ta miƙe, giyar ta fara gajiya, ko kuma an zuba mata man giyar da ba nata ba, abin da ake yawan yi a garejinmu. Micra ta kafin 2002 ita ma CVT ce, ta bayanta kuwa otomatik ce ta gargajiya mai giya huɗu. Ita kuma 206 mai otomatik giyarta ana kiranta AL4, kuma halinta sai ta yi zafi yake fitowa: za ka ji bugu daga ƙasa, sai ta maƙale a giya ta uku, wuta na ƙiftawa a dashbod. Ka kashe mota ka tayar, ta koma lafiya ƙalau kamar ba ta yi komai ba. Wannan ne dalilin da ya sa gwajin minti biyar a layin dillali ba ya nuna komai. Ka zuba mai da kuɗinka, ka ɗauki dillalin a gefe, ka shiga cunkoso na aƙalla rabin awa da esi a kunne. In ya ce ba a fita da mota nesa, yi masa sallama.

Otomatik ɗin da na yarda da ita a wannan aji ita ce ta gargajiya: ta Yaris ƙirar Amurka mai injin 1.5, ta Honda Fit (sunan Jazz a Amurka) ƙirar Amurka daga 2007 zuwa 2013, da ta Picanto da i10. Amma in ƙafarka na iya kulochi, sayi mai giyar hannu ka huta. Ta fi araha wajen saye, kuma kowane makanike a bakin titi ya san ta.

Mataki na uku, inji. Ka je da sassafe kafin a tayar da motar, ka ɗora hannu a bonet ka tabbatar da sanyi. Da makanikenka za ka je, ba wanda dillali ya kira ba. A buɗe murfin baƙin mai: in ka ga wani farin kumfa mai kauri ya manne a ciki, ruwa na haɗuwa da mai, mai yiwuwa gaskit ya ƙone ke nan. Ka lura da fankar lagireto. In ta fara juyawa da zarar an murɗa makulli, an haɗa ta kai tsaye ne, kuma sau da yawa don a rufe matsalar zafi ake yin haka. Yaris da Micra da kaca injinsu ke aiki, ka saurari ƙarar kacar a sakannin farko na tashi. 206 da Picanto ta farko kuwa belet ne, kuma ranar da ya tsinke yana iya lanƙwasa bawul. Kada ka yarda da "an canja kwanan nan", ka canja shi da kanka a makon farko. Wani abu game da Jazz ta farko mai injin i-DSI: fulogi takwas gare ta, ba huɗu ba. Huɗun baya suna ɓoye, ana yawan barinsu shekara da shekaru, sai mota ta riƙa tsinkewa ana ɗora wa fetur laifi.

Na huɗu, a hau da motar rami. Motocin Turai suna zuwa da tsatsar gishirin da ake watsawa a titunansu lokacin ƙanƙara, kuma sabon baƙin fenti a ƙarƙashi abin tuhuma ne. Ka tsaya a bayan 206 ka dubi tayoyin baya: in samansu ya karkata ciki, akasil ɗin baya ya ci, gyaransa kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ko kyauta ce ban ba ka shawara ba.

In ka ce in zaɓa maka, Yaris ce ta ɗaya, sai dai dillalai sun san haka, kuɗinta ya fi na sauran. Jazz ta fi kowacce ɗaukar kaya saboda yadda kujerun bayanta ke naɗewa. Picanto da i10 galibi sun fi ƙuruciya a kuɗi ɗaya, amma da mutum biyar da esi sai ka yi haƙuri da su a hawan gada. 206 sai mai giyar hannu, kuma sai kana da makaniken Peugeot da ka amince da shi.

Sauran takardu ne. Lambar chasis ɗin da ke jikin mota ta yi daidai harafi da harafi da ta takardar kwastam da ta rajista, kuma a tantance kuɗin fito a ofishin kwastam kafin ka ba da kafin alƙalami. Ka biya ta banki, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a canja sunan mallaka nan da nan, sannan ka yanki inshora ta gaskiya, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023.