Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura wa ƙaramin jirgin ruwa inji

Mai jirgi yakan je sayen inji da tunani guda: wanda ya fi yawan doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, shi ya fi. Daga nan kuskure na farko yake somawa. Jirgin da ke tsaga ruwa da ƙirjinsa, irin mai filafilai ko kwale-kwalen katako mai ɗaukar kaya, tsawonsa ne ke yanke masa iyakar gudu. Wanda tsawon jikinsa da ke cikin ruwa ya kai mita 6 ba ya wuce kusan kilomita 11 a awa, mai mita 9 kuma wajen 13 da rabi. Dogon siririn kwale-kwale yakan ɗan zarce haka, amma da zarar an lafta masa buhuna sai ya koma sahun sauran. In ya kai wannan iyaka, duk wutar da ka ƙara masa gindinsa ne zai nutse, hancinsa ya ɗaga, igiyar ruwa ta taso a baya, fetur yana ta ƙonewa a banza.

Ƙaramin jirgi mai filafilai na mita 6 doki 4 zuwa 6 ya ishe shi. Ga kwale-kwale, a duba bambancin nan: injin Yamaha Enduro mai doki 15 nauyinsa wajen kilo 40 ne, kuma in an buɗe masa wuta yana shan kusan lita 7 a awa. Mai doki 40 ya kai wajen kilo 70, shansa kuma ya doshi lita 20. Gyaran shi ne ka auna jirginka da kayan da ya saba ɗauka, ka zaɓi injin da zai kai shi iyakar gudunsa ba tare da an murɗe hannun wuta har ƙarshe ba. Rarar da ta saura ita za ta cece ka ranar da iska ta taso a tafki, ko Kwara ta kawo ruwa da damina. Don haka yin ƙwauro ma kuskure ne. Injin da ya yi wa jirgi kaɗan kullum cikin wahala yake.

Na biyu, tsawon ƙafar inji, wato sashen da ke sauka cikin ruwa ɗauke da farfela. Akwai gajeriya mai inci 15, doguwa mai 20, da mai 25. Auna daga saman allon baya zuwa ƙasan jirgi kafin ka biya kuɗi. Faifan nan da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgin ko ya ɗan sauka kaɗan. In ƙafar ta gaza, farfela za ta riƙa shaƙar iska tana ihu ba tafiya, famfon sanyaya inji kuma ya rasa ruwa. Kullum ka sa ido kan ɗan ruwan da injin ke tsartuwa ta baya. In ya ɗauke, kashe shi nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne allon baya, katakon da ake maƙala injin. Mutum zai kashe dukiya a kan inji sannan ya rataya shi a allon da ya sha ruwa shekara da shekaru. Ba nauyin injin kaɗai allon ke ɗauka ba. Farfela tana tura jirgi daga can ƙasa, saboda haka injin yana danna ƙasan allon gaba, yana fizgar samansa baya, kamar mai ɓanɓare ƙusa da guduma. Duk sa'ad da aka ba da wuta haka ke faruwa, har kusurwoyi su fara buɗewa.

Kafin komai a gwada lafiyar katakon. Ƙwanƙwasa shi: mai lafiya ƙararsa a tsaye take, ruɓaɓɓe kuwa dum-dum yake yi. Soka sukundireba kusa da ramukan ƙusa da wurin da maƙallan inji ke cizo. Ɗaga ƙafar injin ka girgiza ta, in allon ya motsa tare da ita, akwai aiki. Kada a liƙa sabon katako a kan ruɓaɓɓe don ɓoye aibi, ruɓar za ta ci gaba a ciki. A cire shi gaba ɗaya.

Ƙarin kauri kawai bai wadatar ba, domin allo mai kauri ma yana iya ɓallewa ɗungurungum. Dole a ɗaure shi da jikin jirgi: tokara ɗaya a tsakiya daga allon zuwa ƙashin bayan jirgi, da guda biyu a kusurwoyin sama da ke kama gefe da gefe. A yi amfani da busasshen katako mai tauri irin maɗaci ko iroko, ko filawud ɗin da aka yi don ruwa. Na kafintan kujera yana shan ruwa sai ya ɓare. A bar ƙusa, a sa noti mai ratsawa wanda ba ya tsatsa, da faffaɗan faranti na ƙarfe ta ciki don kada kan notin ya nutse cikin katako. Kowane rami aka huda, a cika shi da gam mai hana ruwa kafin a zura noti, domin ta nan ruɓa ke shiga.

A tafkunan Kainji da Volta, inda ruwa ya shanye dazuzzuka bayan gina madatsu, kututturan itatuwa na nan a ƙarƙashi. In kana tafiya gaba, kada ka kulle ƙafar injin. Bar ta yadda za ta yi tsalle sama in ta daki wani abu, maimakon allon ya sha dukan duka. Maƙallan kuma girgiza tana kwance su, sai a ƙara ɗaure su kafin kowace fita, a kuma ɗaure injin da igiya ko sarƙa a wani wuri mai ƙarfi cikin jirgi, ba a jikin allon da yake kai ba.