Yadda Ake Zuwa Shagon Mai Ɗinkin Jaket Idan An Yi Tafiya Ƙasar Waje

Duk shekara idan hunturu ya kama a Kano, daga Disamba zuwa Janairu, sai jaket ɗin fata su cika masallatai da asuba da kan babura, kuma mafi yawansu ko dai gwanjo ne daga Ƙofar Wambai, ko kuma tsaraba ce da wani ya saya a gurguje ranar dawowarsa. Ana gane su tun daga nesa, domin ko hannun ya zarce yatsu, ko kafaɗar ta zube, ko kuma bayan sanyi biyu saman ya fara ɓarewa kamar ɓawon rogo, alamar cewa tun asali roba ce aka yi wa kwalliya. Wanda Allah ya ba ikon fita waje, ko don fatauci ko asibiti ko karatu, yana da damar zuwa da ƙafarsa wurin wanda yake yanka fatar yana ɗinkawa, a auna shi, ya zaɓi fatar da hannunsa. Zan yi misali da Istanbul saboda gari ne da 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari suka saba da shi, amma matakan suna aiki a Fas ta Maroko, da Fulorans ta Italiya, da sauran garuruwan da aka sani da sana'ar fata.

Mataki na farko a gida ake yin sa, tun kafin a nufi filin jirgin Malam Aminu Kano. Ka je wurin telanka ya auna maka ƙirji, da faɗin kafaɗa, da tsawon hannu daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, da kuma tsayin da kake son rigar ta tsaya. Telolinmu da inci suke awo, su kuwa can da santimita suke aiki, saboda haka ka ninka kowane adadi da 2.54 ka rubuta duka biyun a takarda ɗaya. Lambobin da za ka gani a wuyan rigunan maza, irin su 48 da 50 da 52, kusan rabin zagayen ƙirji ne a santimita, wato mai ƙirjin santimita 100 yana kusa da lamba 50. Wannan awon ba shi ne za a yi ɗinki da shi ba, amfaninsa shi ne ka gane idan mai shago yana son ya liƙa maka abin da yake da shi a rataye. Daga nan ka ware yini guda ka shiga wurin dukawa a Ƙofar Wambai ko Kasuwar Kurmi, ka sami dattijo a cikinsu ka gaishe shi, ka ce, “Baba, don Allah a nuna mini bambancin fatar akuya da ta tunkiya da ƙirgi.” Ka taɓa, ka shinshina, ka lanƙwasa. Abin kunya ne Bakano ya je wata ƙasa a yaudare shi a kan fata, alhali jar fatar akuyar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko daga ƙasar Hausa take ƙetare Sahara a zamanin da, kuma har yau masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna aika fata zuwa Turai.

Mataki na biyu shi ne rarrabe mai ɗinki da mai sayarwa, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa. A Istanbul, unguwar Laleli da babbar kasuwar nan mai rufi ta Kapalıçarşı cike suke da shagunan jaket masu fitilu da madubai, amma da yawansu sari suke yi. Unguwar da aka sani da aikin fata ita ce Zeytinburnu, wadda a cikinta Kazlıçeşme take, inda majemun birnin suka zauna tun zamanin Sarki Muhammadu na Biyu, wanda ya ci garin a 1453, har zuwa farkon shekarun 1990 da aka mayar da su Tuzla. Majema sun tashi, amma masu yanka da ɗinki da dillalan fata da yawa suna nan. Jirgin cikin gari mai lamba T1, wanda yake ratsa Sultanahmet da Laleli, yana tsayawa a Zeytinburnu, don haka ba sai ka ɗauki tasi ba. Kafin ka je, ka tura wa shagon saƙo ta WhatsApp da hoton irin jaket ɗin da kake so, ka yi tambaya guda ɗaya a fili: a nan kuke ɗinkawa, kuma zan iya ganin wurin aikin? Wanda ya amsa da hoton teburin yanka da kekuna, shi ake nema. Wanda ya kewaye tambayar ya turo maka hotunan kaya ɗari, ɗan kasuwa ne, kuma babu laifi a kasuwancinsa, sai dai ba shi ka zo nema ba. Ka yi hattara kuma da wanda zai tare ka a ƙofar masauki, wani lokaci ma da Hausa a bakinsa, ya ce zai raka ka wurin ɗan'uwansa. La'adarsa tana cikin kuɗin da za a faɗa maka, kamar yadda duk wanda ya taɓa sayen fili a Kano ya sani.

Na uku, ka je a ranar farko ko ta biyu da saukarka. Ni kaina na taɓa barin wannan sha'ani sai jajibirin tasowata, aka ɗinka cikin dare, na karɓa ina kan hanyar filin jirgi, sai da na iso gida na ga hannun hagu ya fi na dama tsawo, kuma babu wanda zan mayar wa. Ka tambayi kwana nawa aikin zai ɗauka, ka ƙara kwana biyu a kan abin da aka faɗa, domin alƙawarin tela a ko'ina ɗan'uwan alƙawarin ɗinkin sallah ne. Ka tuna cewa Kapalıçarşı ba ta buɗewa ranar Lahadi, kuma agogon Turkiyya yana gaban namu da awa biyu.

Mataki na huɗu, wanda shi ne zuciyar tafiyar, shi ne duba fata. Idan ka shiga, ka yi sallama, ka karɓi shayin da za a miƙo maka a ɗan kofin gilashi, domin al'adarsu ce kuma shan sa bai wajabta maka saye ba. Babban mai sana'a ana kiran sa usta, kuma zai ji daɗi idan ka kira shi haka. Kalmomi uku za su yi maka amfani: deri ita ce fata, hakiki deri fata ta gaskiya, suni deri kuwa ta roba. Amma kada ka dogara da rubutun da ke jikin riga. Ka nemi a shimfiɗa maka fatar da ba a yanka ba tukuna, ka juya bayanta. Fata ta gaskiya bayanta yana da laushi da ɗan gashi-gashi, gefenta ba ya miƙewa sambal, kuma ƙananan ramukan gashi da ke fuskarta ba su jeru iri ɗaya ba. Ta roba kuwa za ka tarar da saƙar yadi a bayanta, zanen fuskarta yana maimaita kansa, warinta kuma na leda ne. Ka danna da babban yatsa ka ga ko ta yi 'yan tamoji sannan ta koma. Wasu masu shago suna kunna ashana a jikin riga don su burge baƙo, amma wannan wasa ne da ba ya nuna ingancin jima ko na ɗinki.

Sai kuma zaɓen irin fatar, wanda ya kamata yanayin Kano ya yi maka jagora a kansa. Sanyinmu na asuba ne da dare, kafin azahar rana ta buɗe, don haka jaket mai gashin tunkiya a ciki, wadda aka yi domin garin da dusar ƙanƙara take sauka, za ta ƙare a rataye. Fatar ɗan rago, wadda suke kira kuzu, ita ce mafi laushi da rashin nauyi, amma ba ta jure karce. Fatar akuya ta fi ta ƙarfi kuma ba ta da nauyin ta saniya, kuma a ganina ita ta fi dacewa da wanda yake hawa babur ko shiga kasuwa. Akwai wani abu da Musulmi zai so ya duba, musamman idan tafiyar ta Italiya ce ko Sin: ana amfani da fatar alade a wasu riguna, ko a shafinsu na ciki da bakin aljihu. Ana gane ta da ramukan gashinta, waɗanda suke zuwa uku-uku a dunƙule. Ka tambaya kai tsaye, kuma ka duba da idonka. Daga nan ka ɗauki wata riga da suka gama ka juya cikinta, ka ja ɗinkin hammata da na bakin aljihu, ka zuge zif sau da yawa. Idan an rubuta YKK, sunan wani sanannen kamfanin yin zif, a kan zif ɗin, alama ce mai kyau, ko da yake shi ma ana yin jabunsa.

Na biyar shi ne awo, kuma kuskuren da muke yi a nan na musamman ne. Su sun saba da auna mutumin da zai sa jaket a kan shat da wando, mu kuwa yawanci a kan kaftani ko jallabiya muke ɗora ta. Saboda haka ka je sanye da irin kayan da za ka riƙa sawa a ƙarƙashinta, ka ce a bar sarari a ƙirji da hammata. Ka ɗaga hannuwanka sama kamar mai kabbara, ka miƙa su gaba kamar mai riƙe da sitiyari, ka zauna a kujera, kuma idan ba ka jin nauyi ka sunkuya kamar mai ruku'u, domin rigar da za ka je sallar asuba da ita ce. Fata tana ɗan saki a faɗi idan ana sa ta, amma ba ta ƙara tsawo, kuma duk inda allura ta huda ramin ya zauna ke nan, shi ya sa rage ta ya fi buɗa ta sauƙi. Idan uwargida ko wani ɗan'uwa za ka ɗinka wa, ka tafi da wata rigarsu da ta zauna musu daidai, domin ta fi takardar awo faɗin gaskiya.

Ciniki ba sai an koya wa Bakano ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, a wurin mai ɗinki ragin ba ya kai na shagon 'yan yawon buɗe ido, kuma idan ka matsa masa ƙwarai zai rage maka a inda ba ka gani, wato a shafi da zare da zif. Ka fayyace ko da lira ake magana ko da dala, ka ba da kafin alƙalami kawai, sauran sai ka karɓi kaya. A rubuta maka a takarda irin fatar, da launi, da awo, da ranar gwaji, da ranar karɓa, da abin da ka biya, sannan ka nemi a yanko maka ɗan ƙyallen fatar da ka zaɓa ka riƙe a aljihu.

Ranar gwaji ka fito da wannan ƙyallen ka kara shi a jikin rigar a cikin hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba, ka duba ko launin hannuwa ya dace da na baya, tun da riga ɗaya daga fatu da yawa ake haɗa ta. Duk gyaran da kake so ka faɗe shi a lokacin. Idan ka karɓa, ka nemi rasit, ka tambaya ko shagon yana cikin tsarin mayar wa baƙi kuɗin haraji a filin jirgi. Kada ka danne ta a ƙasan akwati. Ka juya cikinta waje ka ɗora ta a saman kaya, ko ka riƙe ta a hannu ka shiga jirgi. Idan ka iso Kano ka rataye ta a maratayi mai faɗin kafaɗa, nesa da rana, ka riƙa goge ƙurar hunturu da tsumma mai laushi. Da damina kuma ka cire ta daga leda ka lulluɓe ta da tsohon yadi, ka riƙa fito da ita tana shan iska a inuwa, domin fumfuna a watan Agusta take kama fata.