Yadda za ka gyara mazaunin tsohon kayak

Mu a Damagaram ba mu da teku, sai tafki irin na Gidimuni, amma in ka sayi kayak na hannu, ƙaramin kwale-kwalen nan mai mutum ɗaya, mazauninsa zai gallabi bayanka.

Fara wanke mazaunin, ya bushe ƙayau. Goge shi da sanfefa don gam ya kama.

Kada ka sa soson katifa, ruwa yake sha. Na taɓa yi, na wuni da jiƙaƙƙen wando. Nemi robar tsofaffin silifas, ka yanka daidai wurin. Kaurin kada ya wuce santimita 2, in ka yi sama kwale-kwalen tangaɗi zai riƙa yi.

Shafa gam a jikin robar da kuma mazaunin, jira minti 10, manna.

Ƙara guntu daidai ƙugu, ka bari ya kwana kafin ya shiga ruwa.